Kumburin jini a kunnen kare

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kare shina tsaron gida da bisashe, shina taimakon mahalba a daji. Ya kamata mu kula da lafiyarshi. Yau za mu yi magana bisa kumburin kunne.

Yaya ciwon yake?

Fatar kunnen kare tana kumbura kamar ƴar jikka. In ka taɓa, za ka ji taushi da ɗumi. Jini ne ya taru tsakanin fata da guringuntsi. Kare shina karkata kai, ba ya so a taɓa wurin.

Mi ke kawo shi?

Ƙaiƙayi ne tushen abin. Kaska, ƙuma, cizon ƙuda, ƙarangiya ko ciwon cikin kunne su ke damun kare. Sai ya yi ta kaɗa kai, ya yi ta susa da ƙarfi. Ƙananan jijiyoyin jini su fashe. Cizon wani kare ma shina kawo shi.

Abin da ba a yi

Kada a tsaga da reza. Kada a yi sakiya. Ƙazanta tana shiga, wurin ya yi mugunya. In kuma an ƙyale shi, kare ya daɗe cikin wahala, kunnen ya ƙanƙance, ya murɗe har abada.

Abin da ya kamata

A kai kare wurin likitan bisashe da wuri. Likita shina zuƙe jinin da allura, amma sau da yawa shina sake taruwa. Don haka wani lokaci sai ya sa maganin kashe zafi, ya tsaga, ya wanke, ya ɗinke. Ana cire zaren bayan sati 2 ko 3. Dole a yi maganin ƙaiƙayin, in ba haka ba ciwon ya dawo.

A kiyaye

Kare mai jin ciwo shina cizon ko da mai shi. A ɗaure mishi baki da ƙyalle kafin a duba shi. Yara su nisanta. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi gidan likita nan take, saboda ciwon haukar kare. Kowane sati a duba kunnuwan kare, a cire kaska.

Tambayoyi

1. Mi ke taruwa cikin kunnen?
2. Don mi ba a yin sakiya?
3. Wanda kare ya ciza, mi zai yi?