Gwamnatin da Ba Ta da Rinjaye a Majalisa

A ƙasashen da ke bin tsarin mulkin majalisa irin na Ingila, jam'iyyar da ta sami fiye da rabin kujeru ita ke kafa gwamnati. To, amma wani lokaci a kan gama ƙidayar ƙuri'u a tarar babu wadda ta haye rabi. Idan haka ta faru, jam'iyya ɗaya ta kan karɓi mulki ita kaɗai, ta riƙa neman goyon bayan waɗansu a kan kowace doka. Mutane da yawa su kan ɗauka irin wannan gwamnati gurguwa ce. Lalle ba kullum ba ne.

Mu duba Kanada. Bayan zaɓen 1963 Lester Pearson na Jam'iyyar Liberal ya zama Firayim Minista, amma cikin kujeru 265 jam'iyyarsa ba ta sami 133 da a ke bukata ba. Ya sake kiran zaɓe a 1965, ya tashi da 131, watau saura biyu. Haka ya yi ta mulki har 1968. Duk da haka, cikin shekarun nan biyar aka kafa asusun fansho na ƙasa, aka ɗaga sabuwar tutar Kanada a 1965, sa'an nan a 1966 aka zartar da dokar da ta sa hukuma ta riƙa biyan kuɗin ganin likita.

Dokar likitan nan ita ce abin lura. Ƙaramar jam'iyyar NDP ta Tommy Douglas, wanda ya fara inshorar asibiti a lardin Saskatchewan tun 1947, ta daɗe tana nemanta. Da ya ke Pearson yana bukatar ƙuri'unta, tilas ya saurare ta. Ministan da ya san zai iya faɗuwa gobe ba ya shigo da doka sai ya yi shawara, kuma wakilin da ke kujerar baya ya kan sami bakin magana.

Amma fa sai da lissafi. A 1979 Joe Clark ya kawo kasafin kuɗi mai ƙarin harajin man fetur, bai tabbatar da goyon bayan ƙananan jam'iyyu ba. Ran 13 ga Disamba aka kayar da shi da ƙuri'a 139, shi yana da 133, kuma a zaɓen Fabrairu 1980 mulki ya kuɓuce masa.