Kwaɗo Biyu A Ƙofar Asusun Jami'a

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi ɗan bayani a kan wani abu da zai tarbi duk wanda Allah ya ba sa'ar shiga jami'a daga cikinmu, watau tantancewa mai matakai biyu. Na koye shi ne a ajin kwamfuta, sa'an nan yayana da ke jami'a ya nuna mini yadda yake aiki a wayarsa lokacin hutu.

A yau ɗalibin jami'a yana da asusu a intanet. A nan ake yin rajistar darussa, a biya kuɗin makaranta, a duba sakamako. Da can kalmar sirri kaɗai ke tsare shi. Amma kalmar sirri kamar makullin akwatinmu na ɗakin kwana ce: duk wanda ya tsinta zai buɗe, kwaɗon ba zai tambaye shi sunansa ba. A shekarar 2018 gwamnatin Amurka ta tuhumi wasu mutum 9 'yan ƙasar Iran da laifin kutsawa cikin jami'o'i 144 na Amurka da wasu 176 na ƙasashe 21. Ba su fasa ƙofa ba. Wasiƙun imel na yaudara suka aika wa malamai, malaman suka rubuta kalmomin sirrinsu da hannunsu. To, in furofesa ya faɗa wannan rami, ina ga ɗan aji ɗaya?

Shaidun da ake tantance mutum da su iri uku ne. Akwai abin da ka sani, kamar kalmar sirri. Akwai abin da kake riƙe da shi, kamar waya. Akwai kuma abin da ke jikinka, kamar zanen yatsan da hukumar JAMB ke ɗauka kafin a shiga ɗakin jarrabawa. In an haɗa biyu daga cikinsu, shi ke nan. Iyayenmu ma sun saba da haka, domin na'urar cirar kuɗi ba ta ba ka ko sisi sai da kati da kuma lamba. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce wannan dabara tana tare fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na hare-haren sace asusu.

Saita shi ba wuya. Za ka sauke manhaja irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Jami'o'i da yawa a Amurka kuwa Duo suke amfani da ita. Sai ka shiga sashen tsaro na asusunka, za a nuna maka wani zane mai kusurwa huɗu da ake kira QR, ka haska shi da kyamarar waya. Daga nan manhajar za ta riƙa fitar da lamba mai alƙaluma 6, tana canja ta kowane daƙiƙa 30. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta bukatar data ko sabis, domin da agogon wayar take lissafi. Saboda haka in lambar ta yi ta ƙin karɓuwa, agogon za ka fara dubawa. Akan kuma ba da lambobin ko-ta-kwana, Google takan ba da guda 10. A rubuta su a takarda, a adana tare da takardar haihuwa, ba a cikin wayar ba.

Wasu makarantun ta saƙon tes suke aiko lambar. Ya fi babu, amma a ganina ya fi rauni, domin ɓarawo yana iya yaudarar kamfanin waya ya karɓe layin mutum. A nan ne maganar ta fi shafarmu, mu 'yan makarantar kwana da ba a yarda mu riƙe waya ba. Tun 2021 duk mai son rubuta JAMB sai ya aika lambarsa ta NIN zuwa 55019, a aiko masa da lambar rajista a layin da ya yi amfani da shi, kuma wannan layi yana bin sa har zuwa neman gurbi. Wani ɗan unguwarmu ya bari mai shagon kwamfuta ya yi masa da layinsa. Da bukata ta taso, mai shago ya tashi daga garin, yaron ya sha zirga-zirga ba kaɗan ba. Don haka ina roƙon iyayenmu, don Allah, layin da aka yi mana rajista da shi kada a ba ƙani ko ɗan aike, kada kuma a jefa shi a durowa har kamfani ya sayar wa wani. A riƙa sa masa kati ana kira da shi.

Saura yaudara. Ba wani ma'aikacin jami'a ko na banki da zai bugo ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo maka. In kuma wayarka ta tambaye ka ko kai ne ke son shiga alhali kana zaune kana cin tuwo, ka danna a'a. A watan Satumba na 2022 an shiga kamfanin Uber ta haka: an yi ta turo wa wani mai yi musu aiki irin wannan tambaya har ya gaji ya amince. Zuwan tambayar kansa alama ce kalmar sirrinka ta riga ta fita, sai ka canja ta a ranar, ka kuma sanar da ofishin kwamfuta na jami'ar.