Amsar Tambaya: Ta ina zan fara muhawara a Kialo?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Malaminmu ya ce mu shiga shafin intanet na Kialo don muhawarar aji, amma na buɗe na rasa ta inda zan kama.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, abin ba wuya. A can saman shafin ake rubuta batun muhawara. A ƙarƙashinsa hujjojin goyon baya kore ne, na adawa kuma ja. Kowace hujja tana iya samun nata masu mara mata baya da masu sukarta, kamar rassan bishiya.

Ka shiga Kialo Edu, wanda aka tanada don makarantu, ta hanyar gayyatar malaminku. Kafin ka rubuta komai, karanta abin da aka riga aka sa, kada ka maimaita hujjar wani. Hujjarka ta zama magana ɗaya gajeriya, ka kawo madogararta, ka ajiye ta daidai ƙarƙashin wadda take amsawa.

Ka guji zagi da habaici. Hujja ake suka, ba mai ita ba. Sannan ka gwada kawo hujja ɗaya mai ƙarfi ga ɓangaren da ba naka ba, za ka ga raunin naka. Allah ya ba da sa'a.