Sankarar Nono ga Maza

Mutane da yawa suna tsammani sankarar nono, watau ciwon daji, cutar mata ce kaɗai. Ba haka ba ne. Cikin mutum 100 da ta kama, wajen 1 namiji ne, galibi dattijo wanda ya ba shekara 60 baya. Abin da ke cutar maza shi ne jinkiri, gama kunya takan hana su faɗa sai ciwo ya ci jiki.

Alamunta

Farkonta kullutu ne mai tauri ƙarƙashin kan nono, yawanci a gefe guda, ba ya zafi. Wani kan nonon ya lotsa, ko ya riƙa ɗigar da jini, ko gyambo ya fito ya ƙi warkewa, ko kaluluwa ta fito a hammata. Wanda uwarsa ko 'yar'uwarsa ta yi cutar, da mai ciwon hanta, da mai ƙiba ƙwarai, su suka fi kamata su lura. Kumburi mai taushi da ke fito wa samari lokacin balaga daban ne, yakan baje da kansa.

Yadda likita ke ganewa

Likita zai taɓa wurin, ya sa a ɗauki hoto, kana ya tsakuro ɗan nama da allura a duba da madubin likita. Wannan kaɗai ke tabbatar da cutar.

Magani

Akan yi fiɗa a cire nonon, a duba kaluluwar hammata. Bayan haka wasu akan gasa wurin da hasken na'ura, wasu a yi musu ƙarin ruwan magani. Yawancin maza akan ba su ƙwayar tamoxifen su sha kullum har shekara 5, wani lokaci fiye. In an tari cutar da wuri, da yawa sukan warke. Akwai masanan wannan aiki a asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato.

Aikin hakimai

Ya kamata hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa cewa cutar ba a ɗaukarta, kuma ba abin kunya ba ce. A gargaɗi wanzamai kada su yi wa irin wannan kullutu sakiya ko ƙaho. Magatakarda su taimaki wanda bai iya karatu ba wajen kiyaye ranakun komawa asibiti, su kuma rufa masa asiri. Duk wanda ya ji kullutu, lalle ya tafi asibiti cikin makon nan, kada ya jira ya yi zafi.