Gargaɗi Ga Magidanta Da Iyaye: Dukan Mata Da Ciwon Da Yake Bari A Zuci

Kowace shekara, daga 25 ga watan Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, hukuma da ƙungiyoyi kan ware kwana 16 don yaƙi da cin zarafin mata. A ji sanarwa a rediyo, a yi taro, a tafa, a watse. A ƙasar Magarya da Dungas waɗannan kwanaki suna faɗowa ne bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, ana ta ɗaurin aure, samari na haramar ci-rani. Tun da a lokacin ne ake kai 'yan mata ɗaki, a lokacin ne ya kamata a yi wannan magana, kuma da maza za a yi ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi a rayuwarta, galibi daga mijinta ko wanda take tare da shi. Wannan na duniya ne. Na gida ya fi tada hankali. A babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012, mata wajen shida cikin goma sun amsa da bakinsu cewa miji yana da hujjar dukan matarsa in ta ƙona abinci, ko ta yi masa musu, ko ta fita ba ta faɗa ba, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shimfiɗa. A lura, ba mazan aka ji wannan daga bakinsu ba, waɗanda ake dukan ne. Binciken ya kuma nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan ƙasar ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Damagaram kuwa ta zarce haka. Yarinyar da aka kai ɗaki tana 'yar sha huɗu, ta ga an mari uwarta, ta ga an mari yayarta, yaushe za ta san mari laifi ne?

Kumburin ido kwana uku ne ya sace. Abin da ba ya sacewa yana ciki. Matar da ake duka takan koyi sauraron takun mijinta tun daga zaure, ta gane daga yadda ya jingine babur ko yau akwai lafiya ko babu. Barci ya ƙaurace mata. Gabanta ya riƙa faɗuwa ko da faifai ne ya faɗi. Ta zo asibiti ta ce kanta na sara, ƙirjinta na zafi, jikinta duk ya mutu, a auna ba a ga zazzaɓi ba, a ba ta ƙwayar ciwon kai ta koma. Wata ta daina magana, a ce miskila ce. Wata ta riƙa faɗuwa tana sambatu, a ce iska ce, a kai ta wajen mai magani a yi ta turare, alhali aljanin da ke damunta yana zaune a ƙofar gida yana shan shayi. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa suna kiran wannan ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, in an bar shi kuma yana kai mutum ga tunanin halaka kansa. Mai ciki da mai jego sun fi shiga haɗari: a ƙasashe masu tasowa, kusan ɗaya cikin biyar na masu jego na kamuwa da shi. Dukan mai ciki kuwa na jawo ɓari da zubar jini da haihuwar bakwaini. Uwar da zuciyarta ta karye ba ta iya cin abinci, ba ta iya tsayawa ta lallashi jinjiri ya kama nono, ba ta da ƙarfin dama masa kunu a kan kari. Ƙungiyar likitocin MSF ta fara jinyar yara masu tamowa a Magarya a 2005, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakunan yaran da damina ya ga uwayen da ke zaune shiru a gefen gado. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro ne suka kawo mafi yawansu, gaskiya ne. Amma ba a rasa wadda damuwar gida ta riga yunwa cin ta.

Malam mai gida, dubi san da ka turke don kasuwar Maigatari. Ka yi masa rumfa kada rana ta taɓa shi. Ka tanadar masa harawa tun kaka, kana jiƙa masa dusa da kanwa, kana shafa tozonsa safe da yamma, kana cire masa kaska da hannunka. Yaro ya ɗaga masa sanda, ka yi tsawa har maƙwabta su ji, don ka san dabbar da ake firgitawa ba ta ƙiba. Ran da ya bar rabin dusarsa a kwano kuwa, ba ka karyawa sai ka nemo malamin dabbobi, ko nawa ne ka biya. Allah ya tsare mu da haɗa 'yar Adam da dabba, ita da Allah ya karrama. Abin tambaya dai shi ne, matar da ta daka, ta ɗebo ruwa, ta yi noman gamana, ta haifa maka biyar, yau kwana nawa rabonta da cin tuwon kirki, kai kuwa ba ka lura ba? San nan wata shida zai yi ka sayar. Ita da ita za ka tsufa. Wannan sakaci ne, kuma abin kunya ne ga mai gemu.

Wani zai ce ai addini ya ba shi izni. To, a je a tambayi malamai na Allah. Za su gaya masa sharuɗɗan da aka gindaya: ba a taɓa fuska, ba a jin ciwo, ba a barin tabo, kuma bari shi ya fi. Za su gaya masa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, kuma a hajjinsa na bankwana ya yi wasiyya da kyautata wa mata. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar da ta tabbatar da cutarwa tana da ikon zuwa gaban alƙali a raba auren ko mijin bai so ba. Wanda ya zaro igiyar guga don miya ta yi gishiri, fushinsa ya bi, kada ya jingina shi ga Littafi.

Ku kuma iyaye, da ku nake. 'Yarku ta yo yaji da dare, goyo a baya, leɓe a fashe. Kafin ta sauke ƙullin kayanta kun ce ta yi haƙuri, zaman aure ibada ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Gari na wayewa, tun miji bai zo biko ba, kun tasa ta gaba kun mayar, don kada a ce 'yar gidan wane ba ta zaman aure, ko don kada a ce a maido sadaki. Haƙuri ibada ne, babu musu. Amma me ya sa kullum mai rauni ake karanta wa babin haƙuri, mai sanda ba a ce masa uffan? Ku zaunar da ita ku ji ta bakinta. Ku kai ta asibiti a duba ta, a ba ta takardar shaidar rauni. In za ta koma, ta koma a gaban mai gari da liman da waliyyan miji, da sharaɗi a bayyane. In ya sake, dokar ƙasa ta hukunta duka da jin rauni, ba ta ware miji ba, ga jandarmomi, ga gidan shari'a. A nan jihar Damagaram ne aka fara makarantun magidanta a 2008 da tallafin Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda maza ke zama su ja hankalin 'yan uwansu a kan awon ciki da haihuwa a asibiti. Zaman da ya iya wannan zai iya kiran mai dukan matarsa a gaya masa gaskiya.

Ba duka kaɗai ke cutar da mata ba; ga sauran a taƙaice. Gorin rama da tsoron kishiya na sa mata shan ƙwayoyin ƙiba na 'yan talla, irin wadda ake kira sha-ka-fashe. Yawancinsu maganin wasu cututtuka ne dabam. Suna kumbura fuska da ciki, su kawo ciwon suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari farat ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali. Man bilicin na cinye fata, wani ma ya taɓa ƙoda, rauni ya ƙi warkewa. Akwai kuma 'yan makaranta da hotunan waya suka ruɗa, suna ƙin abinci ko su ci su amayar don su zama sirara. Wannan ma ciwo ne, faɗa ba ya warkar da shi. Namijin da ke yi wa matarsa ba'a da launinta ko ramarta shi ya tura ta wajen mai tallar.

Liman na Bande, mai gari na Waca, dattijon Dogo-Dogo, maƙwabcin da ke jin kuka ta bayan danga ya gyara kwanciya: in kun sake ji, ku tashi ku buga ƙofar.