Ga 'ya'yana masu gambarar zamani a Bauchi

'Ya'yana, ina jin ku. Daga Yalwa zuwa Wunti, daga Jahun zuwa Gwallaga, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji labarin wani ɗan ɗaki da aka mayar situdiyo ba, yaro na zuba baiti a kan kiɗa har dare ya raba. Ni ba hana ku zan yi ba. Roƙona dai, kafin ku saki waƙa ta gaba, ku nemi manyan faya-fayan da suka kafa wannan sana'a, ku saurare su tun daga waƙar farko har ta ƙarshe, da natsuwa, yadda almajiri ke bin littafi a gaban malami.

Ku fara da Illmatic na Nas, wanda ya fito a 1994. Shekarunsa ashirin a lokacin. Waƙoƙi goma ne kacal, duka ba su wuce minti arba'in ba. Masu haɗa kiɗa irin su DJ Premier da Pete Rock da Q-Tip sun sa hannu, mahaifinsa Olu Dara ma ya yi busa a ɗaya daga cikin waƙoƙin. To me ya sa har yau ake kiran sunan wannan faifai idan ana lissafin na gaba-gaba? Saboda yaron bai je neman labari nesa ba. Queensbridge, rukunin gidajen talakawa na birnin New York inda ya tashi, shi ya waƙe: abokin da ke kurkuku ana rubuta masa wasiƙa, wanda aka harbe, fargabar 'yan sanda, mafarkin fita daga ƙunci. Wanda bai taɓa taka Amurka ba, in ya gama saurare, sai ya ji kamar ya kwana a unguwar. Kuma ku lura, faifan bai yi kasuwa nan take ba. Sai a 2001 aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan ɗaya. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Kafin Nas akwai Rakim, wanda shi da Eric B. suka fitar da Paid in Full a 1987. Shi ya nuna wa na baya cewa ba dole sai da ihu ba, kuma ana iya saƙa amsa-amo a tsakiyar layi, ba sai a ƙarshensa kaɗai ba. Wannan bai kamata ya zame muku baƙo ba, tunda a ajin Hausa an koya muku babban amsa-amo da ƙarami. A 1988 kuma Public Enemy suka zo da It Takes a Nation of Millions to Hold Us Back, suka ɗora kukan baƙar fatar Amurka a kan kiɗa mai tada tsikar jiki. Ku kuma 'yan matan da ke ganin fagen na maza ne, Lauryn Hill ta kwashi lambobin Grammy biyar a 1999 da faifanta The Miseducation of Lauryn Hill.

Ba komai na cikin waɗannan faya-fayai zan ce ku ɗauka ba. Akwai ashar, akwai kirarin bindiga da ƙwaya, waɗanda tarbiyyarmu ba ta yarda da su ba. Gaba tsakanin mawaƙa ma ba wasa ba ce. An harbe Tupac a 1996 yana da shekara 25, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997 yana da 24. Duk sanda na ji yaranmu suna zagin juna a waƙa don neman mabiya, iyayen waɗannan samari biyu nake tunawa.

Abin da ya fi damuna shi ne in ji ɗan Bauchi yana lanƙwasa harshe yana waƙar titunan da bai taɓa gani ba, alhali a garin Sa'adu Zungur aka haife shi. Malam Sa'adu ya rasu tun 1958, amma har gobe ana karanta "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", domin ya dubi mutanensa ya gaya musu gaskiya da Hausa mai nauyi. A Legas, Dagrin ya yi faifansa C.E.O a 2009 yawanci da Yarabanci, ya buɗe ƙofar da irin su Olamide suka bi. A nan gida ClassiQ da B.O.C Madaki, 'yan jiharmu, sun nuna cewa Hausa na hawa wannan kiɗa daram.

Labari kuwa bai ƙare muku ba. Ɗan acaɓan da ya gama digiri, ɗan dako a kasuwar Muda Lawal, uwar da ke suyar ƙosai don kuɗin makaranta, abokin da sara-suka ta cinye: wa zai waƙe su in ba ku ba? Ku rubuta, ku goge, ku sake rubutawa. Ku tara waƙoƙi goma da za ku iya kunnawa a gaban iyayenku ba tare da kun sunkuyar da kai ba, sannan ku kira shi faifai. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku fi mu.