Allon Talla Ba Jarida Ba Ne

Tambaya: Malam, ina zana allunan talla a wani kamfani a Kano. Masu kaya sai su tilasta mini cusa rubutu, in an kafa allon kuma su ce ba ya karantuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, kada ka karaya. Direban da ke wucewa a titin Zariya daƙiƙu kaɗan gare shi. Suna, hoto guda da lambar waya ɗaya sun ishe shi. Daina musu da mai kaya. Buga samfurin a takarda, ka riƙe masa daga nesa ya karanta, da bakinsa zai ce a rage. In ya amince, ya sa hannu. Sannan ka tura aikin a tsarin launi na CMYK, ka mayar da rubutun ya zama zane a CorelDRAW, don kada ƙ da ɗ su ɓace wajen bugawa.